Na haddace fomulolin momentum da imfols, amma tambayoyinsu suna kayar da ni

Tambaya

Assalamu alaikum, malamai. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sakandare, ina shirin WAEC da JAMB, kuma burina in karanci injiniyanci. Damuwata babin momentum da imfols ne a fiziks. Fomulolin duka suna kaina, amma da zarar an juya tambaya sai in rikice. A jarrabawar gwaji an ce ƙwallo mai giram 200 ya daki bango da gudun mita 15 a sakan, ya dawo da mita 10 a sakan, kuma ya taɓa bangon na tsawon sakan 0.02, a nemo ƙarfin da bangon ya yi masa. Na samu niyuton 50, amsar kuwa 250 ce. Har yau ban gane inda na kauce ba, ga shi ina jin nauyin tambayar malaminmu a gaban aji. Da ƙyar mahaifina yake biyan kuɗin lesin. Na fara tunanin ko kaina ne ba ya ɗaukar fiziks, in sauya fanni tun da wuri. Ku ba ni shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yarmu. Kada ki sauya fanni saboda wannan babin. Hamsin ɗin da kika samu ita kanta shaida ce a gare ki: kin mai da giram 200 zuwa kilo 0.2, kin ɗauko fomular da ta dace, kin raba daidai. Abu ɗaya ne ya kuɓuce miki, wato alkibla, kuma shi ne yake cinye makin yawancin ɗalibai a nan.

Ga abin da kika yi: kin cire 10 daga 15 kika samu 5, kika ninka da 0.2 ya ba ki 1, kika raba da 0.02 ya zama 50. Wannan lissafin zai dace da ƙwallon da ya ratsa wani abu ya fita ta ɗaya gefen, gudunsa ya ragu daga 15 zuwa 10 yana ci gaba da tafiyarsa. Naki ƙwallon kuwa juyowa ya yi. Aiki biyu bangon ya yi masa: ya tsayar da shi cak, ya kashe mita 15 ke nan, sannan ya tura shi baya har ya kai mita 10. Sauyin gudun 25 ne. Ninka 25 da 0.2, kin samu 5, raba da 0.02, ga 250 ɗinki.

A takarda ana yin haka ne da alama. Ki ce duk tafiyar da ta nufi bango tana da alamar tarawa, wadda ta baro shi tana da alamar ɗebewa. Sai gudun farko u = +15, gudun ƙarshe v = −10. Sauyin momentum (mas m, wato yawan kilon abu, sau gudunsa) shi ne mv − mu = 0.2(−10) − 0.2(+15) = −2 − 3 = −5. Alamar ɗebewar da ta fito a amsa ba kuskure ba ce, tana gaya miki ne cewa ƙarfin ya nufi baya, daga bango zuwa wajen mai jifa. In an tambayi girman ƙarfin kawai sai ki rubuta 250, in an ce a faɗi alkibla ki ƙara da kalmomi.

Akwai gwajin da zai nuna miki 50 ba za ta yiwu ba tun kafin a ba ki amsa. A ce curin laka ne mai giram 200 aka jefa, ya manne a bangon bai dawo ba. Sauyin gudunsa 15 ne, momentum ɗin da ya ɓace 3, ƙarfin niyuton 150 a cikin sakan 0.02. To ta yaya tsayar da abu kaɗai zai ci 150, amma tsayar da shi da mai da shi baya ya ci 50? Kuma da a ce ƙwallon ya dawo da mita 15 cif, hanyarki za ta ba da sifili, wato bangon bai yi komai ba. Ki saba wa kanki irin wannan tambayar bayan kowace amsa, sakan goma kawai take ci.

Kuskuren nan ba naki ba ne ke kaɗai, ya kama manya. René Descartes, masanin Faransa, ya wallafa dokokin karo a 1644 yana auna yawan motsi da girman abu sau saurinsa, bai sa alkibla a ciki ba, shi ya sa yawancin dokokin nasa suka saɓa wa abin da ake gani a gwaji. Sai a 1668 da 1669 John Wallis da Christopher Wren na Ingila da Christiaan Huygens na Holand suka miƙa wa ƙungiyar Royal Society ta Landan gyararren lissafi mai la'akari da alkibla, wanda Isaac Newton ya zo ya gina a kansa a 1687.

Yanzu bambancin momentum da imfols, don mun lura daga wasiƙarki cewa kin haddace su a matsayin fomuloli biyu da ba su san juna ba. Momentum, p = mv, abu ne da jiki mai motsi yake ɗauke da shi a wani lokaci guda. Tirela mai kilo 30,000 da ke tafiyar mita 10 a sakan tana da 300,000 kg m/s, ƙaramar mota mai kilo 1,000 da ke sharara mita 30 a sakan tana da 30,000 kacal. Motar ta ninka tirelar sau uku a sauri, tirelar ta ninka ta sau goma a momentum. Imfols kuwa, F × t, ba a jikin abin yake ba. Abin da aka yi masa ne daga waje: an tura shi da ƙarfi kaza na tsawon lokaci kaza. Ki ɗauke su kamar kuɗin asusu: momentum shi ne abin da ke ciki yanzu, imfols shi ne abin da aka zuba ko aka cira. Dukansu da naira ake ƙirga su, amma ba wanda zai ce ajiya da zubi abu ɗaya ne. Don haka ba a cewa "imfols ɗin ƙwallon da ke tafiya", sai dai imfols ɗin da bango ya ba ƙwallon.

Haɗinsu layi uku ne daga dokar Newton ta biyu, kuma muna so ki iya fitar da shi da kanki ba ki duba littafi ba. F = ma. Ƙaruwar gudu a = (v − u)/t. Saka ta ciki, F = m(v − u)/t. Ninka ɓangarorin biyu da t, sai ki samu Ft = mv − mu. Babin gaba ɗaya a cikin wannan layin yake: hagu imfols, dama sauyin momentum. Ma'auninsu ma ɗaya ne, domin niyuton ɗaya shi ne kg m/s², in kin ninka da sakan ya koma kg m/s. Saboda haka in kin ga N s a zaɓin amsa, ke kuma kin samu kg m/s, kada gabanki ya faɗi, su ne dai.

Wurin da ya kamata ki daɗe a kai shi ne wannan: in abu mai motsi zai tsaya, ɓangaren dama ya riga ya ƙayyadu. Mas ɗinsa da gudunsa ne suka yanke shi, ba mai iya rage shi. Abin da ya rage a hannun mutum shi ne yadda za a raba wannan adadin tsakanin F da t. Dubi masu sauke kankana daga mota, suna jefa wa juna. Mai caɓewa ba ya miƙe hannu ya sandare, yakan bi kankanar da hannunsa baya zuwa ƙirjinsa. Kankana mai kilo 5 da ta zo da mita 4 a sakan tana da momentum 20. In aka tsayar da ita a sakan 0.05, ƙarfin niyuton 400 ne, a kan hannu da kuma a kan ɓawonta. In aka ja tsayarwar ta kai sakan 0.4, ƙarfin ya sauko 50. Imfols ɗin 20 ne a duka biyun.

Haka bel ɗin mota yake aiki. Fasinja mai kilo 60 a motar da ke gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a sakan, yana ɗauke da momentum 1,200. A ce ya daki gilashi ko sitiyari ya tsaya a sakan 0.02: niyuton 60,000, kwatankwacin nauyin tan shida. A ce bel da lotsewar gaban motar sun ja tsayawar zuwa sakan 0.12: niyuton 10,000. Lokutan nan mun zaɓe su ne don misali, amma rabon shi ne abin lura, lokaci ya ninka shida, ƙarfi ya koma kashi ɗaya bisa shida. Soson da ke cikin hular kwano ma murƙushewa yake yi don ya ƙara wa kai ɗan lokacin tsayawa, shi ya sa hular da ta taɓa shan mummunan bugu ake sauya ta ko da bayanta bai fashe ba. A jarrabawar rubutu ɗalibai da yawa sukan ce bel "yana rage momentum" ko "yana rage imfols", mai maki kuma ya soke. Abin da za ki rubuta shi ne: sauyin momentum bai canza ba, an tsawaita lokacin karo, saboda haka matsakaicin ƙarfin ya ragu.

Juya abin kuma yana aiki. Guduma ana so ta tsaya a kan ƙusa cikin ƙanƙanin lokaci don ƙarfin ya yi tsanani. Ƙwallon ƙafa na ƙa'ida yana tsakanin giram 410 da 450. In mai giram 430 ya tashi daga tsaye zuwa mita 25 a sakan, ƙafa ta taɓa shi kamar sakan 0.01, matsakaicin ƙarfin ya kai niyuton 1,075.

F ɗin da ke cikin fomular tana da tarko, domin jimillar duk ƙarfin da ke kan abin ce, ba ƙarfi ɗaya ba. A karon da ke kwance, kamar ƙwallonki da bango, wannan ba ya damun kowa. A na tsaye kuwa nauyi yana shigowa. Mutum mai kilo 60 ya diro daga katanga mai tsayin mita 1.25. Da g = 10 (ƙaruwar gudun abin da ke faɗowa ƙasa) da h a matsayin tsayin, v² = 2gh = 25, ya iso ƙasa da mita 5 a sakan, momentum 300. Ya lanƙwasa gwiwa ya tsaya a sakan 0.2, sai Ft = 300 ta ba da 1,500. Amma wannan shi ne abin da ya rage bayan an cire nauyinsa, niyuton 600 da ke jan sa ƙasa. In tambayar ta ce a nemo ƙarfin da ƙasa ta tura shi da shi, amsar 1,500 + 600 = 2,100. Da ya sauka da ƙafa a sandare cikin sakan 0.02, da 15,600 ne, inda 600 ɗin bai taka kara ya karya ba. Ki karanta da kyau ki ga wanne ake nema. Ki kuma tuna m kilogiram ce kullum: in an ba ki nauyi da niyuton, raba shi da g kafin ki saka.

Ƙarfin karo ba ya tsayawa a adadi ɗaya, yakan tashi daga sifili ya kai ƙololuwa ya sauko, don haka abin da fomula take ba ki matsakaici ne. In an zana giraf na ƙarfi a tsaye da lokaci a kwance, imfols shi ne girman filin da ke ƙarƙashin layin. Alwatika mai gindin sakan 0.1 da ƙololuwar niyuton 200 tana ba da ½ × 0.1 × 200 = 10 N s. Mai gaggawa zai ninka 200 da 0.1 ya samu 20, kuma sau da yawa zai tarar da 20 ɗin tana jiran sa a cikin zaɓin amsoshi.

Dokar adana momentum, wadda ake koyarwa kamar wani sabon abu, daga nan ta fito. Abu biyu sun yi karo. Dokar Newton ta uku ta ce ƙarfin da na farko ya yi wa na biyu daidai yake da wanda na biyu ya yi wa na farko, alkibla ce ta saɓa. Lokacin taɓawar kuma ɗaya ne, don ba yadda za a yi wannan ya taɓa wancan ba tare da wancan ya taɓa wannan ba. Ƙarfi ɗaya, lokaci ɗaya, imfols ɗaya mai kishiyar alama. Abin da ɗaya ya rasa shi ɗayan ya samu, jimilla ba ta motsa ba. Sharaɗin shi ne babu wani ƙarfi daga waje da ya yi tasiri, ko kuma karon ya yi gajarta har gogayyar taya da titi ba ta samu lokacin yin wani abin kirki ba. Shi ya sa ake kwatanta daf da karo da daf bayansa, ba bayan motocin sun ja jiki sun tsaya ba.

Mota mai kilo 1,500 tana gudun mita 20 a sakan ta daki wata mai kilo 1,000 da ke tsaye, suka sarƙe suka tafi tare. Kafin karo jimillar 30,000 ce. Bayan karo mas ya zama 2,500, gudu kuma 30,000 ÷ 2,500 = mita 12 a sakan. Yanzu auna kuzarin motsi, ½mv², wanda ma'auninsa jul ne. Kafin karo jul 300,000, bayansa jul 180,000. Jul 120,000 sun tafi wajen lanƙwasa ƙarfe, zafi da ƙara. Ɗalibin da ya fara da daidaita kuzarin kafin da na bayan zai samu kusan mita 15.5 a sakan, kuma ya faɗi. Momentum ana adana shi a kowane irin karo, kuzarin motsi kuwa sai in tambaya ta faɗa ƙarara cewa karon na ilastik ne, wato wanda kuzarin motsi ba ya zubewa a cikinsa. Duk inda kika ga "suka manne" ko "suka tafi tare", kuzari ya zube, kada ki daidaita shi.

In har yanzu momentum da kuzari suna yi miki kama, duba bindiga mai kilo 4 da ta harba harsashi mai giram 10 da gudun mita 400 a sakan. Kafin harbi jimillar sifili ce. Harsashin ya ɗauki 0.01 × 400 = 4 gaba, dole bindigar ta ɗauki 4 baya, wato mita 1 a sakan. Momentum ɗinsu daidai, amma kuzarin harsashin jul 800 ne, na bindigar jul 2. Shi ya sa kafaɗa take jure ɗaya, ɗayan kuma yake huda ƙarfe. Dalilin yana cikin fomular kuzari = p²/2m: in p ɗaya ce, mai ƙaramin mas shi ke kwashe kuzarin.

Ga yadda za ki riƙa tunkarar kowace tambaya, ko da kin ga kamar mai sauƙi ce. Zana hoto biyu, kafin da bayan, da kibiya a kan kowane abu. A gefe ki ja kibiya ɗaya ki sa mata alamar tarawa, kada ki sauya ta har ki gama. Mai da komai zuwa kilo, mita a sakan da sakan: giram ki raba da 1,000, kilomita a awa ki raba da 3.6, milisakan ki raba da 1,000. Rubuta u da v da alamominsu tun kafin ki taɓa fomula. Sannan ki tambayi kanki, abu ɗaya ake bi ko biyu? In ɗaya ne kuma an ambaci ƙarfi ko lokaci, Ft = mv − mu. In biyu ne suka yi karo ko suka rabu, jimillar kafin daidai take da ta bayan. In amsa ta fito da alamar ɗebewa, abin ya nufi kishiyar kibiyarki. Za ki ga kamar zanen ɓata lokaci ne, musamman a JAMB inda ake amsa tambaya 180 cikin awa biyu, amma wanda ya yi shi sau talatin a takarda yakan wayi gari yana yin sa a ka.

Batun malaminku kuma, ba dole ba ne a gaban aji. Ki ɗauki takardar gwajin, ki ja ƙawarki ɗaya, ku same shi bayan darasi. Kada ki ce masa "ban gane momentum ba", don zai sake maimaita miki abin da ke allo ne. Ki nuna masa layin da kika tsaya, ki ce, "Malam, a nan me ya sa aka tara ba a ɗebe ba?" Matambayi ba ya ɓata, kuma malamai sun fi jin daɗin tambaya mai kai da gindi. Mai lesin ɗin ma haka: tunda da gumi ake biyan sa, ki roƙe shi ya bar ki ki warware tambaya a gabansa yana kallo, maimakon shi ya warware ke kina kwafa. A nan ne zai ga inda hannunki yake zamewa.

Ki ba kanki mako biyu. Kullum tambaya biyar daga tsofaffin takardun WAEC, NECO da JAMB a kan wannan babin kaɗai, littafi a rufe. Duk wadda kika faɗi ki rubuta dalilin a bayan littafinki da kalma ɗaya: alama, ma'auni, fomula, ko karatun tambaya. Bayan mako biyu ki ƙirga. In yawancinsu alama ce da ma'auni, kamar yadda muke zato daga aikinki, to ba fiziks ne ya fi ƙarfinki ba, kuma ki sani wannan alamar za ta sake tarar ki a jifan abu sama, a haɗa ƙarfi da kuma lantarki, gara ki gama da ita yanzu. In kuwa kin tarar sake jera fomula ne yake ba ki wuya, kamar fitar da t daga Ft = mv − mu, to aljabara ce take neman gyara, sai ki kai wa malamin lissafi.

Fara da waɗannan ukun yau, ki rufe amsoshin da hannu. Na ɗaya: ƙwallo mai kilo 0.5 yana tafiya gabas da mita 12 a sakan, ɗan wasa ya buge shi ya koma yamma da mita 18 a sakan, taɓawar sakan 0.03. Nemo imfols da matsakaicin ƙarfi. Na biyu: amalanke mai kilo 60 yana tafiya gabas da mita 3 a sakan ya yi karo da wani mai kilo 40 da ke zuwa yamma da mita 2 a sakan, suka sarƙe. Nemo gudunsu da kuzarin da ya zube. Na uku: tiyo yana fesa ruwa kilo 2 a kowane sakan da gudun mita 15 a sakan a jikin bango, ruwan yana gangarowa ba ya fantsamowa baya. Nemo ƙarfin da ke kan bangon.

Amsar ta ɗaya 15 N s da niyuton 500, duka zuwa yamma. Ta biyu mita 1 a sakan zuwa gabas, jul 300 suka zube daga cikin 350. Ta uku niyuton 30. In kin samu 3 N s a ta ɗaya ko mita 2.6 a sakan a ta biyu, alkiblar ce ta sake zamewa, sai ki koma ki zana kibiyoyin ki sake yi. Allah ya ba da sa'a, ya saka wa mahaifinki da alheri.